Ashafa Mai Rediyo Da Masaukin Da Ba Mai Gida

Duk wanda ya zauna Mandawari a wancan zamani ya san Ashafa mai gyaran rediyo. Shagonsa ba wani shago ba ne, gefen zauren gidansu ne aka yanka aka sa teburi da benci. In ka leƙa za ka tarar da shi sunkuye a kan hanjin wata rediyo, hannunsa riƙe da ƙarfen liƙi ba ya ko motsi, amma ƙafarsa ta dama a ƙarƙashin teburi sai rawa take yi kamar ta tela a kan keke. Haka take tun yana yaro. An yi rubutu an sha, an yi faɗa, an yi dariya, ƙafa ta ce ba da ita ba.

'Yan unguwa kan ce ya ci ƙafar kare, kuma ba su yi masa ƙarya ba. Kafin azahar ya je kasuwar Kurmi ya dawo, ya je Sabon Gari neman wata 'yar waya da ba ta kai tsinken sakace ba, ya dawo, ya sake fita don ya manta abin da ya manta. Sai dai duk yawon nan a cikin Kano yake ƙarewa. Mutumin da ke wuni yana jin Landan da Jamus da Alƙahira suna magana a kan teburinsa bai taɓa wuce Zariya ba. Abin na cinsa a rai. In ya gama gyara rediyo yakan murɗa ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana saurare kamar mai jiran a kira sunansa a tasha.

Shi ne ɗan farin 'Yardada, Bafulatanar da aka kawo wa marigayi Malam Lawal baduku daga wata ruga can bayan Dawanau. To, kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta 'Yardada ta fi ta kowa. Kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi, a cikin gida ɗaya, ɗaki na kallon ɗaki. Ya tashi yana kiran uwarsa Adda, don haka ya ji ƙanwarta Turai na kiranta. Uwar kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba, ba ta taɓa cewa ya yi mata kaza ba. Da ya yi aure sai matarsa Husaina ta zama wayar da ke tsakaninsu. Yana tsaye a tsakar gida, tsohuwa za ta dubi surukarta ta ce, "Ki gaya wa mai shagon nan indararo ya toshe." Husaina ta juyo ta ce, "Malam, ka ji." Shi kuma ya ce ya ji.

Rabon 'Yardada da Turai tun zaman makokin Malam Lawal, ana tsakiyar mulkin soja. Bayan nan idanun Turai suka mutu, gwiwoyin 'Yardada suka ƙi, sai saƙon gaisuwa ta bakin masu tallan nono. Tsohuwa ba ta taɓa cewa a kai ta ba. Sai dai in hadari ya haɗu ta dubi yamma ta ce wa iska, "Ko Turai ta sha ruwan bana, oho." Ashafa na ji. Yakan ce a ransa in mai ya samu za a je. Mai kuwa a shekarun nan sai a kwana a layi, hanya kuma shingen bincike bayan shinge. Da haka damina ta bi damina. Gaskiya dai ruga ba ta cikin wuraren da ƙafarsa ke yi wa ƙaiƙayi. Ta yi kusa da yawa, kuma ba a taɓa ambatonta a rediyo ba.

A bazarar shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, 'Yardada ta kwanta ciwo har aka fara shigowa dubiya da sassanyar murya. Allah ya tashi kafaɗunta. Ranar da ta fara fitowa tsakar gida tana dafa bango, ta zauna a kan turmi ta ce wa Husaina, "Tafiya ɗaya ta rage a ƙafafun nan. In na yi ta, sai wadda za a ɗauke ni." Husaina ta kai wa mijinta maganar yadda take. Ya ajiye ƙarfen liƙi, ya tashi, ya zauna, ya sake tashi.

Lokacin kuwa shago ya cika maƙil. Kowa ya zaƙulo matacciyar rediyonsa daga ƙarƙashin gado don ya ji rantsar da farar hula da kunnensa. Gari ya ɗauki wani irin ɗoki, kamar an buɗe wa tumaki ƙofa. Layin mai ya fara raguwa. A cikin wannan hayaniya wata talla ta fito, kuma da yake rediyoyi sun yi yawa a shagon, sai ta riƙa zuwar masa ta baki biyar a lokaci ɗaya: hutun iyali a wani otal na bakin tafki, kudu da Kano. Mota, masauki, abinci sau uku, yawon kwalekwale, duk a ciki. Ku zo da kanku kawai, ko cokali kada ku ɗauko.

Wakilin kamfanin a unguwa shi ne Nata'ala, mutumin da zai iya sayar maka da rijiyar gidanku kana godiya. Ya zauna a bencin Ashafa ya ce, "Malam Ashafa, zamani ya canza. Yanzu talaka ma ɗan ƙasa ne. Ka kai tsohuwa ta zauna a yi mata hidima, ko sau ɗaya a rayuwarta."

Wannan kalma ce ta kama shi. Matar nan tun da aka kawo ta birni take daka, take tuƙi, take ɗebo ruwa, ba ta taɓa cin tuwon da ba ta san murhunsa ba. In tafiya ɗaya ta rage, ai sai a yi wadda ta amsa sunanta. Me ke ruga ban da kashin shanu da ƙuda? Da zuciya ɗaya ya yi wannan tunani, kuma da ƙauna, abin da ya sa kuskuren ya fi ciwo ke nan. Ya sayar da babur ɗinsa ya biya. Ya ce wa Husaina, "Ki gaya wa Adda ta shirya, in an ba yara dogon hutu za mu yi tafiya." Ta ce ina? Ya ce ita dai ta zuba ido. Husaina ta yi murmushi, don ta ɗauka ta gane. Tsohuwa kuwa ko ta mutu ba za ta tambayi ɗan fari ina zai kai ta ba.

Sai gida ya kama ƙamshin man gyaɗa. 'Yardada da ba ta iya tsayuwa ta zauna a kujera 'yar tsugune tana murza alkaki da hannunta. Aka yi nakiya. Aka aika Kurmi aka sayo goro da jar kanwa da turmin atamfa. Duk ta shirya su a babbar kwallarta ta aure, ta ɗaure da mayafi. Ashafa ya shigo da saurinsa ya gani, ya ce, "Husaina, ba a ɗaukar komai fa, komai na ciki." Tsohuwa ta dubi bango ta ce, "Ki ce masa ba a zuwa wurin mutane hannu na dukan cinya." Wani abu ya ɗan soki zuciyarsa, amma ana kiransa a shago, ya fita.

Ranar tafiya doguwar mota ta tsaya a bakin titi, aka ɗora tsohuwa da kyar, kwallarta a cinya. Yara sai tsalle. Mota ta tashi, ta karya kwana, ta miƙa. Da suka zo fita daga ganuwa 'Yardada ta ɗan leƙa.

"Husaina, wace ƙofa ce wannan?"

"Ƙofar Na'isa ce, Inna."

Tsohuwa ta gyara kwallarta a cinya. Sannan ta ce, "Ikon Allah. Farar hular har sun mayar da Dawanau kudu."

Husaina ta juyo ta yi wa mijinta wani kallo. Shi kuwa yana gaba kusa da direba, yana karanta sunayen garuruwa a alluna da ƙarfi, ƙafa na ta aikinta.

Gani ya kori ji. Otal dai ga shi, tafki ma ga shi, ba a yi ƙarya ba. Wani saurayi mai usur a wuya ya tare su, bai ce sannunku da zuwa ba, bai tambayi mutanen gida ba, ya ce a yi layi. Aka rarraba mabuɗai da katin abinci. Ɗakin Ashafa da Husaina a wannan gini, na yara a wancan, na tsohuwa a saman bene. Ashafa ya yi ta hawa da sauka har ya samu aka mayar da ita ƙasa, wani ɗaki mai baranda kusa da shingen waya. Ya dawo aka ce babu buta a banɗaki. Ya samo buta, famfo ya ɗauke. Ya je kan maganar famfo, aka ce sai an tada janareta, janareta kuma sai manaja ya ce. Kwalekwalen da aka yi ta kururutawa yana nan a kife a bakin ruwa, awaki na shan inuwarsa. Wurin wankan da aka nuna a hoto ya zama kore shar, kwaɗi ne ke hutunsu a ciki, su ma duk a cikin kuɗin.

Abinci sai an busa usur. A miƙa kati, a ba kowa farantinsa: shinkafa tsilli-tsilli da ɗan nama kamar an yanko shi da reza. Yaran da suka saba sa hannu a kwano ɗaya suka zauna kowa da cokalinsa suna kallon juna. Ba dama ka ce a ƙara, ba dama ka sayo a waje, wai doka ce. Ashafa ya yi ta cewa, "Ku ci mana, ai an biya," da muryar da shi kansa bai yarda da ita ba. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba, amma shi bai shirya faɗa ba tukuna.

Da la'asar wata mai shara ta shiga ɗakin tsohuwa. 'Yardada ta gyara mayafi, ta jawo kwallarta, ta ce, "'Yar nan, kai ni wurin uwar gida in gaishe ta. Tun ɗazu muka sauka, kada ta ce ba mu da ladabi."

"Babu uwar gida, Mama."

"To mai gidan fa?"

"Manaja ne, kuma ya yi tafiya."

Ashafa na bakin ƙofa da butar ruwa a hannu. Tsohuwa ta juya wajen surukarta, a hankali, ba faɗa ba gori, ta ce, "Husaina, to wa muka zo wa?"

Husaina ta sunkuyar da kai. Shi kuma ya ajiye buta ya ce bari ya je ya ji maganar janareta.

Washegari da safe ya kawo wa tsohuwa shayin da ya huce da biredi. Ya same ta a baranda, faranti na jiya a gefe ba ta taɓa ba. A daidai lokacin wata mai nono ta biyo ta bayan shinge da ƙwarya a ka, maigadi na daga nesa yana ɗaga mata sanda ta wuce. Sai Ashafa ya ji wata murya da bai sani ba, mai ƙarfi, mai zaƙi, ta fito daga bakin uwarsa da Fulatanci. Mai nono ta tsaya cak. Ta amsa. Suka shiga gaisuwa ta cikin waya, doguwa, wannan ta tambaya wannan ta amsa, shanu, ruwa, yara, gajiya. Bai ji ko kalma ba, amma ya ga fuskar tsohuwa ta buɗe. Maigadi ya iso ya kori matar. Fuskar ta koma yadda take. A nan ne ya lura da ƙafafunta: sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Husaina ta ja shi bayan gini. Mace ce mai haƙuri, amma ranar haƙurin ya ƙare. "Malam, tafiya ɗaya ta ce. Ɗaya. Ka kashe mata ita a kan kwaɗi. Kwallar nan da take rungume da ita, ka ɗauka ta wa ce? Ni na taya ta shiryawa. Har 'yar rediyon nan da ka gyara mata shekarun baya tana ciki, ta naɗe ta a ɗankwali. Ta ce Turai ba ta gani, sai ta riƙa ji."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi a tare. Shekara da shekaru matar nan na faɗa masa abin da take so da iyakar ƙarfin da al'ada ta bar mata, shi da sana'arsa sauraro ce, yana kamo Landan ta cikin shuu, ya kasa kamo tsakar gidansu. Ya koma baranda ya tsuguna a gabanta, abin da bai taɓa yi ba sai da sallah.

"Adda, na yi kuskure. Ki yafe mini. Mu koma gida ki huta, in ƙafar ta saɓe sai in kai ki wurin Goggo Turai."

Husaina ba ta kusa, babu wanda za a ba saƙo. Tsohuwa ta kawar da kai, ta dubi kwallar da ke cinyarta, da ita ta yi magana. "In na shiga ɗakina na kwanta, na shigu ke nan."

Ya miƙe. Karon farko a rayuwarsa ƙafar nan ta san inda za ta. Mai usur ya tare shi ya ce motar kamfani sai ranar da aka tsara, kuma wanda ya tafi kafin nan sauran kwanakinsa sun ƙone, ba a mayar da komai. Ashafa ya ce su ƙone ƙurmus. Ya taka har bakin babban titi, ya tare wani direba mai suna Mailafiya da tsohuwar fijo, ya faɗa masa zancen tun daga farko. Mailafiya ya ce, "Uwa ce? Shigo."

Suka shiga birni ta Ƙofar Na'isa da rana tsaka. Hanya ta biyo da su ta Mandawari, ta bakin lungunsu sosai, har ana hango ƙofar shago. Yara suka fara, "Ga gida, ga gida!" Mailafiya ya rage gudu ya dubi Ashafa. Ashafa ya waiwaya. Tsohuwa ta rufe ido, numfashinta na fita da nauyi, gumi a goshinta. Hankali ya ce a sauke ta, a ba ta ruwa, ta kwanta ko na awa ɗaya. Tsoro ya kama shi, don in wani abu ya same ta a hanya, shi ne, kuma duk unguwa za ta ce shi ne. Ya ce, "Wuce."

Sai da suka fita ta Ƙofar Dawanau ta buɗe ido. Ta ce, "Husaina, ta nan aka shigo da ni, a kan takarkari."

Bayan an bar kwalta hanya ta zama taɓo, don damina ta zauna. Fijo ta yi iyakar ƙoƙarinta ta kafe. Wani manomi ya kawo amalanken shanunsa aka shimfiɗa mata tabarma. Haka 'Yardada ta shiga rugarsu, gero na shafar kafaɗunta ta dama da hagu, ɗanta na biye a ƙasa, wandonsa duk laka.

Turai na zaune a gindin tsamiya, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, idanu fari fat. Aka sauke yayarta a gefenta. Ba kuka, ba runguma. Kowacce ta juya kai gefe, suka fara gaisuwa ƙasa-ƙasa kamar jiya suka rabu. Ana cikin haka hannun Turai ya lallaɓo ya sami fuskar 'Yardada, ya bi goshi, ya bi kunci, ya tsaya a nan. Husaina ce ta yi musu kukan.

Aka kwance kwalla, alkaki ya sami masu shi. Aka dama fura da kindirmo a ƙwarya ɗaya, ludayi na zagayawa. Yara suka bi maruƙa, suka dawo da gasasshiyar masara, babu wanda ya busa musu usur. Ashafa ya zauna a bakin tabarma ba abin gyara, ba wanda zai je ya gani. Turai ta ji tabarma na girgiza, ta miƙa hannu ta dafa gwiwarsa. "Kai, har yanzu ƙafar nan ba ta daina ba? Tun ina goya ka take shurina." Ta bar hannunta a wurin, ƙafar ta lafa.

Da za su koma, tsohuwa ba ta tashi ba. Ta ce, "Husaina, ki ce masa ya zo ya ɗauke ni in an yi girbi." Kafin gero ya shiga rumbu saƙo ya iso Mandawari. A can aka binne ta, kusa da iyayenta.

Tun daga shekarar, in an ba yara dogon hutu, Ashafa kan kulle shago ya kwashi iyali. Wata shekara ruga, wata shekara wurin dangin Husaina, wata kuma wurin wani tsohon almajirin sana'arsa da ya koma Haɗeja. Da guzurinsu suke tafiya, da kwallar tsohuwa cike. Yakan ce zumunta a ƙafa take, tunda Allah ya ba shi ƙafa marar zama, gara ya ba ta aiki. In wani ya zo shago da zancen hutun da komai ke ciki, ba ya hana shi. Yakan ɗago kai kawai ya ce, "Madalla. Wa za ku je wa?"

Abin da bai cika faɗa wa kowa ba shi ne ranar addu'ar uku. Mutane sun watse, Turai ta sa aka kira shi. 'Yar rediyon na cinyarta, a naɗe da ɗankwalin. Ya ɗauka gyara take so, ya miƙa hannu. Ta ƙi saki.

"Lafiyarta ƙalau," in ji ta. "Kullum da safe Adda ce ke kunna mini. Ta ce, Turai, ji yadda take fita tas, Ashafa ne ya gyara. Ashafa ne ya kawo ni, bai ko tsaya a gida ba. Ashafa kaza, Ashafa kaza, har yaran rugar nan suka haddace. A gabanka ne ba ta iya faɗa."

Ya janye hannunsa. Sannan ya ce, "Goggo, yaya take faɗin sunan?"

Turai ta gyara murya, ta kwaikwaya masa.